Masu Ɗaukar Hoto Sun Tafi Dingyadi

Shekarar manomi takan fara da ruwan shuka, amma shekarar 'yar ƙungiyarmu ta masu koyon ɗaukar hoto takan fara ne sa'ad da ruwa ya ɗauke. Dalili kuwa shi ne haske. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba sararin sama a wanke yake, ciyawa ba ta gama bushewa ba, dammunan gero suna jere a gonaki. In aka yi sanyin jiki hunturu ya sauko, sai hazo ya rufe kome, hoto ya fito fari fat kamar an barbaɗa masa toka, ƙura kuma ta shige gilashin kyamara. Kwanakin kaɗan ne, ba a wasa da su.

Mu goma sha ɗaya ne, malamai uku da samari da 'yan mata na makarantar ekklesiya. Kyamara biyu muke da ita, sauran kuwa wayoyin hannu ne. Bana muka shirya mu buɗe shekara da tafiya ƙasar Boɗinga da Shagari, kudu da birnin Sakkwato. Dokarmu ɗaya ce: kowa hoto 12 kaɗai zai ɗauka a yini, kamar yadda wani irin fim na dā yake bayarwa. Yaran sukan yi gunaguni, gama waya tana iya ɗaukar dubu. Amma wanda ya san 12 gare shi yakan tsaya ya duba tukuna.

Bayan addu'ar safe muka kama hanya, muka fara tsayawa a Sifawa. A nan ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuwa yana kusa da shi a Boɗinga. Wani yaro ya tambaya ko akwai hoton Shehu. Babu. Shehu ya rasu a 1817, ɗansa Muhammadu Bello a 1837, aikin ɗaukar hoto kuwa sai a 1839 aka bayyana shi ga duniya a ƙasar Faransa. Littattafansu suna nan, ana karantawa har yau, amma ba mai rai da ya san kamannin fuskarsu. A Shagari kuwa, inda muka biya da yamma, labarin dabam ne. Alhaji Shehu Shagari, wanda shi ma malamin makaranta ne da fari, ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, hotonsa da doguwar hularsa ya shiga kowane ofis. Ya rasu a 2018, aka binne shi a garinsu, yaran da ba su taɓa ganinsa ba ma sun san fuskarsa.

Amma a Dingyadi muka yi yawancin yinin, don abin da ya kai mu yana can, wato fuskokin mutanen da ba a rubuta su a littafi ba, ba a kuma rataye su a ofis ba. Tsoho manomi yakan kai shekara 80, hoto ɗaya ke gare shi, na katin zaɓe, wanda aka ɗauka da gaggawa yana zazzare ido. In ya mutu, da wannan jikokinsa za su san shi. Wannan abu yana damunmu ƙwarai.

Ba mu fito da kyamara ba sai da muka je muka gai da masu gari, muka faɗi ko mu su wane ne, da inda muka fito. Ba mu ɓoye cewa mu Kirista ne ba. Aka karɓe mu da fara'a, aka kawo ruwa da fura, aka haɗa mu da wani saurayi ya zaga da mu. Wannan gaisuwa ta cinye kusan sa'a guda ta hasken safe mai kyau, har wasu cikin samarinmu suna ta duban rana. To, ta tafi, ba kuwa asara ba ce. Littafin Farawa ya koya mana darajar da Mahalicci ya ba kowane mutum, don haka ba daidai ba ne a sace fuskar mutum kamar ana tsinkar ɗanyen mangwaro a gonar wani.

Ba kowa ne ya yarda ba. Wani dattijo mai saƙar tabarma ya ce, "Ɗiyana, ku ɗauki aikin, ku bar mai aikin." Addininsa ne ya sa, muka kuwa girmama shi. Wata yarinyarmu ta durƙusa ta ɗauki hannuwansa kaɗai bisa kaba, jijiyoyi duk sun fito. A ganinmu wannan shi ne hoton da ya fi duka a ranar. Cikin gidaje kuwa 'yan matanmu ne kaɗai suka shiga, da iznin masu gida, suka ɗauki wata kaka tana sussuka da jikokinta. Da aka kira sallar azahar muka rufe kyamarori, muka zauna a inuwar dogon yaro har aka idar.

Abin ɗauka bai ƙare ba: rumbunan laka da ake yi wa sabuwar yaɓa, jakuna ɗauke da dammuna, da jajayen awakin Sakkwato, waɗanda fatarsu ta yi suna har Turai tun zamanin fatake masu ratsa hamada. Yaran sun koyi cewa da tsakar rana hula takan jefa duhu bisa ido, sai a kai mutum bakin zaure, inda haske yake shigowa ta gefe ɗaya.

Wani manomi da ya sa aka jira shi ya sake riga ya ce mana, "Malam, mun saba da masu ɗauka su tahi. Ku dai ku kawo man nau." Muka yi masa alkawari a gaban jama'a. Muka bar garin da sauran rana, gama hanyoyin ƙasar nan ba na tafiyar dare ba ne a wannan zamani.

Mun zaɓi hotuna 40 da za a wanke a Sakkwato, kowane ɗaya kashi biyu, ɗaya na mai fuskar, ɗaya na akwatin ƙungiya, an rubuta suna da shekara a bayansa. Kuɗin daga aljihunmu zai fito, matan zumunta kuma sun yi mana gudummawa. Za mu mayar da su Dingyadi kafin Kirsimati, in Ubangiji ya yarda.