Jeka-ki-dawo a Jami'a

Mu a nan makarantar kowa ɗan jeka-ka-dawo ne, ba wanda ya damu. Amma da na faɗa a aji cewa yayata tana Jami'ar Jihar Kaduna, wato KASU, kuma kullum a gida take kwana, sai wasu suka yi dariya, wai ai wannan babbar sakandare ce kawai. Ni da nake ɗaki ɗaya da ita na san wahalar da ke ciki.

A Kakuri muke, KASU kuwa tana tsallaken kogi, a titin Tafawa Balewa. Ran da Yaya ke da lacca ƙarfe 8, daga sallar asuba ba ta komawa barci. Za ta hau keke zuwa bakin titi, ta shiga bas ya haye gada ta wajen filin wasa na Ahmadu Bello, ta sauka ta sake neman wani keken. A gadar nan ake shan fama, domin mutanen Barnawa da Television da Sabon Tasha masu aiki a cikin gari su ma lokacin suke hayewa. Da damina kuma sai ta isa aji da jiƙaƙƙen hijabi.

Abba ne ya fara cewa ta zauna a gida. Ya ce ɗakin kwanan ɗalibai kuɗinsa a dunƙule ake biya, ga katifa, ga risho, ga kayan abinci, amma kuɗin mota kaɗan-kaɗan ne. To, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kaɗan-kaɗan ɗin nan ya girma. Yanzu kowane dare sai na ga Abba yana ƙirga canji yana ajiye mata a kan talabijin, wani lokaci ya yi shiru ya sake ƙirgawa.

Ita Umma ba maganar kuɗi take ba. Lokacin da aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna a watan Agustan 2024, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Da 'yar nan tana tsallaken kogi yau, ina zan sa raina?" Daga ranar ba mai iya tayar mata da zancen.

Ni ma ina da rabona. Wanke-wanken safe da kai ƙanena makaranta duk sun dawo kaina, shi ya sa wani lokaci kuke ganina ina gudu a bakin ƙofa kafin a rufe. Amma da dare ita ke koya mini lissafi, kuma gaskiya ta fi ni haƙuri.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yamma. Idan aka mayar da lacca ƙarfe 4, magariba a hanya take yi mata, Umma tana ta kiran waya. Ƙawayenta masu kwana a makaranta suna haɗuwa su yi bitar karatu bayan isha'i. Ita kuwa a lokacin ta gaji liƙis, idan kuma an ɗauke wuta sai ta kunna fitilar waya, ta yi ta gyangyaɗi a kan littafi har in zare mata shi.

Baɗi za ta shiga aji uku, an ce karatun ya fi zafi. Ta roƙi Abba ya bar ta ta kama gado a makaranta. Ba wanda ya tambaye ni, amma da za a tambaye ni, cewa zan yi a bar ta, ko da lissafina zai sha wuya. Asabar da Lahadi ai za ta riƙa zuwa.

Abba ya ce zai yi magana da Umma bayan Sallah. Ni dai na riga na gaya wa Yaya, idan ta tafi, katifarta ta kusa da taga tawa ce.