Daga Shanga Zuwa Wara: Shirin Gudun Famfalaki A Bakin Ruwan Yauri

'Yan uwana mata, duk wadda ta taɓa bin hanyar Kontagora zuwa Jega ta san Yelwan Yauri, ko da kuwa abin da ta sani bai wuce tsayawa sayen albasa da bandar kifi ba. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku: Shanga ta arewa, Yauri a tsakiya, sai Ngaski ta kudu, kuma dukkansu kogin Kwara suka jingina da shi. Aikina na duba ƙananan asibitocin karkara ne, saboda haka ba na cika mako biyu a wuri guda. A cikin wannan zirga-zirga nake shirin abin da ban taɓa yi ba, wato gudun famfalaki na kilomita 42.195, wanda iyayenmu ke kira gudun yada-ƙanin-wani. Na Legas zan shiga, wanda aka fara a 2016, ake kuma yin sa a watan Fabrairu.

Dalilin yana Wara, hedikwatar Ngaski. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin ruwa da ya taso daga Lokon Minna ta Jihar Neja ya nutse kafin ya iso Wara, da mutane sama da 150 a ciki. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, kuma akwai mata da yara masu yawa cikin waɗanda ruwa ya ci. Wanda ya san wurin ya san abubuwan da ke haɗuwa su jawo haka: tsohon jirgin katako, lodin da ya wuce kima, da kututturan itatuwan da ruwa ya rufe tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, suna nan tsaye a ƙarƙashi. Mu matan gari ma ba mu iya iyo ba, balle mai goyo a baya da zane ɗaure. To, sai na ce da dangi da abokan aiki kowa ya yi alkawarin abin da zai bayar a kan kowace kilomita da na gama, a sayi rigunan hana nutsewa a kai mashiga.

A Yelwa nake da gida, a nan ne kuma abin ya fi wuya, don ba ƙafa ce matsalar ba, lokaci ne. Ina fita da an sallame Asuba, in dawo kafin bakwai saura kwata, saboda karin kumallon yara huɗu ba ya jiran kowa. Tun dare nake dama kunun gyaɗa in zuba a filas, in jera kayan makaranta. Maigida da farko shiru ya yi na kwana biyu, sannan ya ce, "Hajiya, in dai za ki yi, ni zan riƙa bin ki a babur." Shi ne mai ɗaukar ruwa da dabino har yau. Uwar mijina kuwa cewa ta yi, "Ke 'yar nan, mace da girmanta tana gudu a titi?" Malamar Islamiyyarsu ce ta raba gardamar, da ta tuna mata cewa Nana A'isha ta yi tsere da Manzon Allah (SAW). Shigata dai dogon wando ne mai faɗi, da riga har ƙasan gwiwa, da ƙaramin hijabi mai shan iska.

Yelwa da sassafe ta cancanci a gan ta. Hazo na kwance a kan ruwa, masunta na turo kwale-kwale, mata na jiran kifi da manyan robobi. Gungawa, wato mutanen tsibirai da suke kiran kansu Reshe, su ne tsofaffin ma'abota wannan ruwa, kuma suna cikin mutane fiye da dubu arba'in da aka sauya wa matsuguni lokacin da tafkin ya cika. Har yanzu in kin zauna da tsohuwa za ta nuna miki tsakiyar ruwa ta ce a can aka haife ta. Abin da ya ba ni mamaki, ruwan nan sau biyu yake cika a shekara. Akwai farin ruwa na damina mai laka, sannan da sanyi, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu, sai ga baƙin ruwa ya iso, wanda ya yi watanni yana tahowa tun daga tsaunukan Gini ta ƙasar Mali. Hanyar da na bi a busasshiya a wani wata, sai in dawo in tarar kwale-kwale ne ke binta.

Shanga ba ta ba ni dogon gudu ba. Hanyoyin wajen Dugu Tsoho da Yarbesse rairayi ne da burji, rairayi kuwa yana cin ƙwauri, kilomita biyar a cikinsa ta fi takwas a kwalta. Wata safiya wata dattijuwa ɗauke da itace ta gan ni, ta yar da kayanta tana salati: "Baiwar Allah, lafiya? Su ne?" Na tsaya na yi mata bayani, muka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. A ƙasar da aka kwashe ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, har wasu 'yan matan ba su dawo gida ba sai a 2023, mace mai gudu da asuba alamar tashin hankali ce. Shi ya sa duk ƙauyen da na sauka sai an sanar da mai gari tun dare, ba na kuma wuce inda ake hango gidaje. Wani lokaci filin makarantar firamare nake zagayawa sau talatin, yara na ƙirga mini da ƙarfi.

Ga wadda ke sha'awa, tsarin ba shi da wani sirri. Na fara zuwa asibiti aka auna hawan jini da yawan jini, domin mace da ta haihu sau huɗu kada ta ɗauka jininta ya isa. Watan farko tafiya ce da sassarfa, minti biyu gudu, minti biyu tafiya. Daga nan sau uku a mako gajeren gudu, ranar Asabar kuma dogo, ana ƙara kilomita ɗaya ko biyu, a mako na huɗu a rage don jiki ya huta. Ba a gudun dukan 42 ɗin a horo. A tsaya wajen 30 zuwa 32, sannan a sassauta makonni uku kafin ranar. Takalmi shi ne abin da ba a yi masa rowa. Sa'ar da na yi ita ce dogayen gudun sun faɗo cikin hunturu. Da a ce a watan Afrilu ne, da zafin Yauri ya kore ni gida. Ƙurar hunturu dai tana fasa leɓe da diddige, man kaɗanya ba ya barin jakata.

Mafi tsawon gudun da na yi zuwa yanzu kilomita 26 ne, a kan titin da ya nufi Birnin Yauri, tsohuwar fadar masarautar kafin a koma Yelwa a 1888. A ranar na gane cewa matan da ke tako wannan hanya zuwa kasuwa da buhu a ka, da silifas a ƙafa, sun riga ni sanin abin da nake koyo, sai dai su ba wanda ya yi musu alkawarin ko kwabo a kan kilomita.

A Wara ranar kasuwa, jirage na isowa cike maƙil da buhuna, da awaki, da babura a ɗaure, mata na zaune a gefe-gefe da jarirai. Na zauna da wasu direbobin jirgi don in ji yadda za a raba rigunan. Ɗaya ya ce mini, "Hajiya, kawowa ba wuya, sanyawar ce aiki." Wasu fasinjojin na ganin sa rigar kamar kiran mutuwa ne, wasu sun ce zafi gare ta, matan kuma suna tambaya yadda za a sa ta a kan goyo. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ta sa muka canza lissafi: kashi ɗaya cikin uku na abin da za a saya ƙanana ne na yara, uwa ta sauke goyonta ta rungume shi a gaba, kowa da tasa rigar. Mun kuma yarda a ajiye su hannun shugabannin masu jirgi, a ƙirga su da safe, a ƙirga da yamma. Takardar alkawari tana da sunaye 61 yanzu, na ƙarshe a ciki uwar mijina ce, wadda ta sa aka rubuta mata naira 200 a kowace kilomita, da sharaɗin kada in cire hijabi ko da zafin Legas ya kai yaya.