Duban Mota a Hanyar Gure, Jiya da Yau

Kafin a shimfiɗa kwaltar Gure zuwa Ngigmi a shekarun 1970 da tallafin Kanada, direban da ya baro Damagaram ya nufi gabas ya san Gure ce wurin shiri na ƙarshe. Daga nan sai rairayin ƙasar Manga, ta Gudumariya da Maine Sorowa har Diffa. Babu waya, babu gareji, kuma motar da ta lalace a tsakanin tuddai takan kwana da kwanaki kafin wata ta biyo. Hanyar ce da kanta ta koya wa direbobi duba mota.

A wancan zamani, da motocin Berliet da Marsandi ke ɗauko kanwa, tattasai da bandar kifin tafkin Cadi, mutum ba ya kama sitiyari sai ya shekara da shekaru yana karen mota. Ana idar da sallar asuba yaro zai shige ƙarƙashin mota. Zai zaro ma'aunin baƙin mai, ya leƙa ruwan lagireto tun injin na da sanyi, ya buɗe tankin iska ya zubar da ruwan da ya taru cikinsa, domin ruwan nan ne ke cin birki a ɓoye. Sai ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana bugu da ƙarfe. Wadda ta cika takan yi ƙara mai tsini, wadda ta sace kuwa sai ta amsa a dushe. Wannan bugu ya fi muhimmanci a tayoyin baya da ke biyu-biyu, inda lafiyayya ke rufa wa mai faci asiri har zafi ya fasa su duka.

Lokacin hunturu, ƙura ce abokiyar gaba. Filtar iska ta tsofaffin motoci mai kwanon mai ce, ana sauke ta a wanke, a zuba sabon mai, don yashi in ya shiga injin ya gama da shi. A bazara kuwa, da zafi ke haura digiri 40, duk inda aka tsaya sai maigida ya ɗora hannu a kan cibiyar kowace taya. In ɗaya ta fi sauran zafi, ba a tashi sai an gano dalili. In an canja taya, bayan ɗan tafiya a sake tsayawa a ƙara ɗaure noti. Yaron da ya manta waigi a gangare kuwa, ranar zai ji faɗan da ba zai manta ba.

Yau hanya ta fi cika. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, tankoki da tireloli sun ƙaru a yankin. Akwai takardar binciken lafiyar mota, akwai dokar ƙungiyar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 da ta ƙayyade nauyin lodi. Duk ci gaba ne, amma takarda tana shaidar ranar da aka duba motar ne kawai, ba ta san notin da ya kwance jiya a ramin hanya ba. Waya ma ta sa wasu sun saki jiki, tunda bakanike zai zo in an kira. Ga mai kaya yana matsa lamba, ga yaro ya samu lasisi kafin ya san ƙarƙashin mota.

Abin da ya kamata a maido shi ne tarbiyyar. Iyayen gida su daina ba yaro makulli sai ya iya zagaya mota da ido da kunne da hannu. Ƙungiyoyin direbobi a tasha su mai da duban safe sharaɗin tashi. Masu motoci kuma su ware kuɗin giris, filta da taya kafin su ƙirga riba, domin birkin da ya tsinke a bakin kasuwar Gidimuni ba direba kaɗai zai shafa ba.