Neman Makaroni Da Cuku A Birnin New York

Wanda ya sauka wurin 'yan zangonmu a Bronx, kada ya ƙare kwanakinsa kan tuwo kaɗai. Ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Harlem, unguwar baƙaƙen fata, inda makaroni da cuku yake abincin biki da na ran Lahadi.

Gidajen abinci huɗu muka zaga. Wasu sun tsinka shi kamar kunu, ba mu sake waiwayarsu ba. Na gidan Sylvia's, wanda aka buɗe a 1962, gasasshe ne: samansa ya yi ja, cikinsa yana naɗewa a cokali. Shi muka zaɓa.

Sai dai a tambaya kafin a sa hannu, domin wasu masu girki a birnin sukan barbaɗa soyayyen naman alade a kai.