Majefi Mai Riguna Goma Sha Huɗu

Mu da muke koyar da adabi mun saba da gwarzo mai gida ɗaya, wanda ya tsaya a garinsu har maroƙa suka haɗa sunansa da na ƙasarsa. Shi kuwa wanda sana'a ke yawo da shi daga wannan ubangida zuwa wancan, ba kasafai muke ba shi ko da shafi guda ba. Dalilin da ya sa ke nan muka ga ya kyautu mu ɗan tsaya a kan Edwin Jackson, wani majefi a wasan besbol na Amurka.

Ga wanda bai san wasan ba, majefi shi ne mai tsayawa bisa ɗan tudu yana wurga ƙwallo daga nisan kimanin mita 18 zuwa ga abokin hamayya mai riƙe da kulki, da nufin ya kasa yi mata bugun kirki. Jarinsa duka kafaɗa ce da gwiwar hannu, su kuwa ba su da alkawari.

An haifi Jackson a Jamus ta Yamma a 1983, inda mahaifinsa ke aikin sojan Amurka. Ya shiga babban rukunin wasan ranar 9 ga Satumba 2003, wato ranar da ya cika shekara 20 cif, ya kuma sama wa Los Angeles Dodgers nasara a kan mashahurin majefin nan Randy Johnson. Aka zaci tauraro ya fito. A 2006 Dodgers ta yi musayarsa zuwa Tampa Bay, daga nan ci-rani ya soma.

Ranar 25 ga Yuni 2010, yana sanye da rigar Arizona, ya kammala wasa sukutum ba tare da ko mutum ɗaya na Tampa Bay, tsohon gidansa, ya sami bugun da ake ƙirgawa ba. Sai da ya yi jifa 149, alhali a zamaninsa akan hutar da majefi da zarar ya kai wajen 100, kuma mutum 8 suka wuce kyauta saboda kaucewar jifarsa. Wato bajinta ce mai ɗingishi, irin wadda ta fi kama da rayuwa. Mako biyar bayan haka Arizona ta miƙa shi ga Chicago White Sox. A ranar 27 ga Yuli 2011 kuwa, Chicago ta ba Toronto shi, Toronto ta ba St. Louis, duk a yini ɗaya. Wata uku tsakani ya ɗauki kofin World Series tare da su.

A Mayu 2019 ya sa rigar ƙungiya ta 14, abin da ba wanda ya riga shi yi, sai a 2025 Rich Hill ya cim masa. Mai duba alƙaluma zai ga nasara 107 da faɗuwa 133, ya ɗage kafaɗa. Mu kam muna ganin an kuskure lissafi. Masu ƙungiya ba sa ba da kuɗinsu sadaka. In har gida 14 suka buɗe wa mutum ƙofa, lalle akwai abin da suka gani, ko da babu wanda ya ga isasshen da zai sa ya riƙe shi. Matsalar ita ce kirari yana bukatar gari, shi kuwa kowane gari baƙo ya ɗauke shi.

A 2021, yana da shekara 37, babu sauran gurbi gare shi a babban rukuni, ya bi tawagar Amurka zuwa wasannin Olamfik na Tokyo, suka dawo da lambar azurfa. A Satumba 2022 ya sanar da cewa ya ajiye ƙwallo.