Ƙirgen Tsuntsaye a Fadamar Haɗeja da Nguru

Cikin hunturun Janairu na tashi daga Kano na bi ta Haɗeja, na miƙe Nguru, garin da layin dogo ya tuƙe. Na je ne domin in bi wani masanin muhalli wurin ƙirgen tsuntsayen ruwa, aikin da ake yi a ƙasashe da dama a irin wannan wata tun 1967.

A wannan yanki ne kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa tsakanin tsofaffin tuddan yashi, kafin su haɗe su zama Kogin Yobe su gangara Tafkin Cadi. A shekarun da damina ke albarka, kafin a gina madatsun ruwa, ambaliya kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. In ruwa ya hau, sai masunta da manoman shinkafa. In ya ja da baya, sai masu noman rani da makiyaya su shigo.

Da asuba muka shiga kwale-kwale a tafkin Nguru. Masanin ya kafa madubin hangen nesa, littafi a cinya, yana motsa leɓe a hankali. Ba ɗaiɗai yake ƙirgawa ba: sai ya ware goma da ido, ya riƙa auna sauran garken da wannan goma har ya kai ƙarshe. Ga kirinjijiya, ga dinya, ga zalɓe tsaye cikin bado. A tsakaninsu kuma ga baƙi, ƙananan agwagi da tsuntsayen bakin ruwa da suka yi ƙwai a arewacin Turai da Rasha, suka ƙetaro Sahara domin su ci rani a nan.

Irin waɗannan baƙi su ne suka fara nuna wa masana yadda farin Sahel ke kaiwa nesa. A 1969 masu ƙirge a Ingila suka tarar wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da rabi, kuma da aka bi diddigi sai aka gano rashin ruwan sama a kudancin Sahara ne ya kassara shi.

Sai dai masanin bai ɗora wa sauyin yanayi laifin matsalolin fadamar duka ba. Ya sa mai tuƙi ya karkata da mu wajen mashigar Marma, inda tafiya ta gagara. Kacalla ce ta tokare hanya, ta fi tsayin mutum, kanta kamar zangarniyar gero, saiwoyinta sun sarƙe a ƙarƙashin ruwa. Ya tumɓuko guda ya nuna mini laka maƙale a jikinta, irin lakar da ke taruwa har ta toshe magudana.

Bayaninsa a fili yake. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Tun daga nan babbar ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma ya koma kwarara kaɗan-kaɗan har cikin rani. Da can ƙasa kan bushe ta tsage, kacalla ta mutu. Yanzu tana samun danshi shekara zagaye. Da ta toshe wata magudana sai ruwa ya karkata wata, ya cinye gonakin wasu, ya bar wasu da ƙishi. Cikinta kuma tsuntsayen jan-baki ke fakewa, su fito su far wa shinkafa da gero. Farin 1973 da na 1984 sun riga sun jijjiga yankin, ambaliyar 2022 kuma ta nuna cewa damina ta fara zuwa da wuce gona da iri.

Tun 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma ke cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, amma a ƙauyukan da muka ratsa, gayya ce ke buɗe magudanai, maza cikin ruwa iya ƙirji da adduna. Abin da masanin ke nema bai wuce ƙarfin hukuma ba: a riƙa sako ruwan madatsun da yawa a damina, a rage shi da rani, sannan a sanar da masunta da manoma da makiyaya lokacin sakin tun da wuri.