Shaidar da ke cikin salansa

Tun da aka fara saka wa motoci kwamfuta, aikin makanike ya ƙaru da karatu. A da kunne da hanci da launin bakin fulogi su ne ke gaya masa ciwon injin. Yanzu idan fitilar nan mai ruwan ɗorawa ta kunna a gaban direba, sai a soka wata ƴar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ta fito da lamba. Sai dai fitar da lamba abu ne mai sauƙi, fahimtar abin da take nufi shi ne aikin. Na fi lura da haka a kan sensar oksijin, wadda ake yawan kwancewa a jefar alhali kuwa lafiyarta lau.

Sensar ƙarama ce, girmanta kamar na fulogi, kuma a jikin bututun hayaƙi ake ɗaura ta. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera ta, Volvo kuma ya fara saka ta a motocinsa a 1976. Injin fetur yana ƙone mai sarai idan aka haɗa kilo 14.7 na iska da kilo 1 na fetur. Aikin sensa shi ne ta duba oksijin da ya rage a cikin hayaƙi, ta kai wa kwamfutar mota labari. Da lantarki take magana. Idan oksijin ya yi yawa, wato mai ya yi kaɗan, sai ta sauka wajen bolt 0.1. Idan mai ya yi yawa sai ta hau wajen 0.9. Kwamfuta kuwa tana jin labarin sai ta ƙara mai ko ta rage, sensa ta sāke ba da sabon labari. Shi ya sa lafiyayyar sensa ba ta tsayawa wuri ɗaya, hawa da sauka take yi ba fasawa. Ba ta kuma fara aiki sai zafinta ya kai wajen digiri 300, don haka ake haɗa ta da ƴar wayar da ke ɗumama ta.

Tun 1996 doka ta wajabta wa ƙananan motoci da ƙananan motocin kaya da ake sayarwa a Amurka su zo da tsarin bincike iri ɗaya, wanda ake kira OBD-II, mai soket mai rami 16. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Da yake yawancin motocin da ke kan hanyoyinmu na hannu ne daga can, lambobin da makaniken Amurka ke karantawa su ne namu ke karantawa. P0131 na nufin lantarkin sensa ya zauna ƙasa. P0133 na nufin tana jinkirin amsawa, P0134 kuma ta yi shiru gaba ɗaya, P0135 matsala ce a layin da ke ɗumama ta. Akwai kuma P0171, wadda ke cewa mai ya yi kaɗan a cakuɗen, da P0172 mai cewa ya yi yawa. Duk cikinsu babu wadda ta ce a sayi sabuwar sensa. Kowace lamba tana faɗin abin da kwamfuta ta ji ne kawai. Sensa shaida ce, kuma alƙalin kirki ba ya korar shaida don maganarsa ba ta yi daɗi ba, sai ya gwada gaskiyarsa tukuna.

Na ga yadda ake wannan gwaji a kan a-kori-kurar kawuna, mai injin fetur, wadda yake ɗaukar albasa da ita daga Galmi zuwa Maraɗi. Ana tsakiyar kakar albasa fitilar ta kunna, motar kuma ta riƙa karkarwa idan an tsaya, har ta kan mutu a mararraba. A garejin farko aka ga P0171, aka ce sensa ce, aka canza ta da kuɗi masu kauri. Bayan ƴan kwanaki fitilar ta dawo, karkarwar ma ba ta daina ba. Albasa kuwa ba ta jiran gyaran mota, ga ƴan kasuwa sun riga sun ba da kafin alƙalami. Ni na raka shi wurin wani dattijon makanike da aka yi masa kwatance.

Dattijon bai taɓa sifana ba. Ya bar injin ya yi zafi, sannan ya buɗe shafin da ke nuna bayanan injin yana cikin aiki. Sabuwar sensar tana hawa tana sauka yadda ya kamata. Sai ya nuna mana wani layi, inda kwamfuta ke rubuta yawan man da take ƙarawa ko take ragewa a kan ƙa'ida. A lafiyayyen injin wannan gyara ba ya cika wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa. A motar kawu ya haura kashi 20 tana tsaye. Ya ce wa yaronsa ya taka totur ya riƙe injin a juyi 2,500 a minti. Muna kallo lambar ta gangaro har ta kusa kashi 5.

Ya ce, "Alhaji, ka ga wannan? Iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya."

Kawu ya ce, "To Malam, me ya sa ta gyaru da aka taka mai?"

Bayaninsa ya zauna mini. Idan mota tana tsaye, iskar da injin ke sha kaɗan ce, saboda haka ƴar iskar da ke satar shiga ta tsaga tana da babban tasiri. Da an taka totur iskar halak ta yi yawa, ta sata sai ta ɓace a cikinta. Da a ce famfon mai ne ya yi rauni, ko matatar mai ta toshe, da akasin haka za a gani: lambar ta yi daidai a tsaye, ta hau idan injin ya ɗauki nauyi. Ya bi tiyo-tiyon da ke bayan ma'aunin iska da hannu, ya samu ɗaya da zafi da ƙura suka busar har ya tsage ta ƙasa. Kuɗin sabon tiyo bai kai na buhun albasa ɗaya ba. Tsohuwar sensar da aka jefar, gaskiya ta faɗa tun farko. An bar jaki ne ana dukan taiki.

Wannan ba ya nufin sensa ba ta mutuwa. Tana tsufa, kuma akwai abubuwan da ke kashe ta da wuri: baƙin man da injin ke ƙonawa, da ruwan sanyaya injin idan ya yoyo cikin silinda, da wasu nau'o'in gam na silikon, da fetur mai dalma, wanda sai a 2021 aka daina sayar da shi a gidajen mai na duniya bayan Aljeriya ta ƙarar da nata. Hanyar gane matacciya ita ce a tilasta mata magana. A taka totur da sauri, lafiyayya za ta yi tsalle zuwa wajen 0.9. A saki, ko a zare wani ƙaramin tiyon iska da gangan, za ta faɗi zuwa wajen 0.1. Wadda ta kafe a wajen 0.45 duk abin da aka yi, ko take jan ƙafa kafin ta motsa, ita ce abar zargi. Ko a nan ma sai an duba fis da wayoyinta, domin waya da ta taɓa salansa ta narke tana iya sa lafiyayyar sensa ta zama bebiya.

Akwai wasu tarkuna uku da ya kamata a sani. Na farko, ɓula a bututun hayaƙi kafin a iso sensa tana jawo iskar waje, sensa ta ce mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta yi ta zuba fetur a banza. Na biyu, motoci da yawa, musamman na Toyota, suna da sabuwar irin sensa a gaba wadda ba ta hawa da sauka, takan zauna wajen bolt 3.3 a kan na'urar bincike. Wanda bai san ta ba sai ya ce ta mutu. Na uku, sensar baya, wadda ke bayan matatar hayaƙi, zama wuri ɗaya shi ne lafiyarta. Idan ta koma kwaikwayon ta gaba, kuma P0420 ta fito, galibi matatar ce ta lalace, ko kuwa an riga an fashe ta an sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta.

A injin mai layin silinda biyu akwai ƙarin sauƙi, domin kowane ɓangare da shaidarsa. Idan P0171 da P0174 suka fito tare, da wuya a ce sensa biyu sun lalace rana ɗaya. Abin da suka haɗa a kai za a nema, kamar ma'aunin iska ko famfon mai.

Saboda haka mai mota yana da haƙƙin ya yi tambaya uku kafin ya ciro kuɗi. Nawa kwamfuta ke ƙara mai idan mota tana tsaye? Nawa take ƙarawa idan an taka totur? Sensar ta motsa da aka gwada ta? Makaniken da ya san aikinsa zai juyo da na'urar ya nuna amsoshin cikin ƴan mintoci. Wanda ya ce lamba kaɗai ta isa, gara a nemi wani ya sāke dubawa kafin a kwance komai.